Yadda Ake Zaɓen Baƙin Yashi Don Akwatin Kifin Ruwan Gishiri

Duk wanda ya taɓa ganin akwatin gilashi na kifin teku da aka shimfiɗa wa baƙin yashi ya san abin da ke jan mutum zuwa gare shi. Kifin nan mai ruwan goro da fararen zane uku, na dangin Amphiprion, idan ya gifta a kan baƙar shimfiɗa sai launinsa ya ƙara fitowa tas. Murjani kore da ja su ma haka, musamman da dare idan an bar shuɗin fitila kaɗai. Kuma ba ƙirƙirar masu kiwo ba ce, akwai teku mai irin wannan ƙasa. Mashigin Lembeh da ke arewacin tsibirin Sulawesi a Indunusiya ya yi suna ne saboda baƙin yashinsa na dutse mai aman wuta da ƙananan halittun da ke ɓuya a cikinsa.

Sai dai farin yashin da yawancin masu kiwo ke amfani da shi, wato aragonait, asalinsa ɗaya ne kuma sananne: sinadarin da murjani ke gina ƙashinsa da shi ne, don haka ba ya faɗa da ruwan teku. Baƙin yashi kuwa daga wurare da yawa yake fitowa. Wani lafiya lau ne, wani zai karce maka gilashi, wani kuma zai kashe maka katantanwa da jatan lande cikin 'yan makonni ba tare da ka gane dalili ba. A ido duka baƙi ne. Aikinka shi ne ka rarrabe su tun kafin ƙwaya ɗaya ta shiga ruwanka, domin fitar da yashi daga akwatin da ya riga ya zauna wahala ce babba, gare ka da kifayen.

Fara da halittun da za ka saka

Kafin ka je neman buhu, zauna ka rubuta abin da kake son kiwatawa. Wannan ne zai gaya maka girman ƙwayar yashi da kaurin shimfiɗa.

Akwai kifayen da yashi bai dame su ba, suna yawo ne a tsakiyar ruwa ko cikin duwatsu. Akwai kuma waɗanda rayuwarsu gaba ɗaya a yashin take. Kifin gobi na dangin Valenciennea yana yini yana cika baki da yashi, ya tace abinci, ya fitar da sauran ta gefen kansa inda yake numfashi. Idan ƙwayar tana da kaifi, kullum sai ta yi masa rauni a wurin. Wasu kifayen dangin Halichoeres da Macropharyngodon kuwa nitsewa suke cikin yashi da ƙarfi idan za su yi barci ko sun tsorata, da kai suke shiga. Yashi mai kaushi yana ƙurje musu baki da fata, daga nan cuta ta samu ƙofa. Ga irin waɗannan, nemi ƙwaya mai santsi wadda ba ta wuce milimita 1 zuwa 2 ba, shimfiɗar kuma ta kai santimita 5. Kifin Opistognathus mai haƙa rami ya fi kowa buƙata: yana son zurfin santimita 10 ko fiye, da gaurayen ƙwaya manya da ƙanana da gutsattsarin ɓawo don ya ɗaure bangon raminsa.

Ƙarfin ruwa ma yana da ta cewa. Idan murjani masu tauri za ka saka, waɗanda ke son ruwa mai gudu sosai, yashin da ƙwayarsa ba ta kai rabin milimita ba zai riƙa tashi yana sauka a kansu, tsakiyar akwatin kuma ta zama gilashi tsirara. Wanda ya wuce milimita 3 ba ya tashi, amma datti yana shigewa tsakanin ƙwayoyinsa ya ruɓe a can. A ganina milimita 1 zuwa 2 ya fi dacewa da yawancin akwatuna.

San asalin abin da ke cikin buhun

Baƙin yashin da ya cancanci a duba shi iri biyu ne. Na farko shi ne na basalt, dutsen da ke samuwa idan narkakken dutse ya fito daga ƙasa ya huce. Shi ne ke bakin tekun Punalu'u a Hawai, da Reynisfjara a Aisland, da Limbe a gindin Dutsen Kamaru. Baƙinsa na asali ne, ba ya kwaɓewa, kuma ba ya narkewa a ruwan gishiri yadda zai dame ka. Matsalarsa ita ce yakan zo da ƙwayoyin magnetait, ma'adinin ƙarfe da maganaɗisu ke kamawa. Na biyu shi ne gauraye, aragonait da baƙaƙen ƙwayoyi a buhu ɗaya. Ba ya yin baƙi wuluk, yakan fito toka-toka mai ɗigo-ɗigo. Kamfanin CaribSea na Amurka, alal misali, yana sayar da buhuna masu suna Hawaiian Black da Indo-Pacific Black, waɗanda aka shirya don ruwan gishiri. Ko wane kamfani ne, karanta jikin buhun ka tabbatar an rubuta cewa na akwatin ruwan teku ne.

Sauran kuwa a bar su a kanti. Baƙar ƙasar da ake sayarwa don shuke-shuken akwatin ruwan daɗi an yi ta ne don ta sauke pH (ma'aunin tsamin ruwa, saukarsa na nufin ƙarin tsami), wasu ma suna sakin amoniya, sinadari mai guba ga kifi, a makonnin farko, wato akasin abin da ruwan teku ke so ke nan. Tsakuwar da aka rina ko aka shafa wa fenti tana kwaɓewa a hankali, farin da ke ciki ya fito, fentin kuma ya watsu a ruwa. Mafi haɗari shi ne baƙin yashin da masu aikin ƙarfe ke fesawa da iska don kankare tsatsa da tsohon fenti. Yana da arha ƙwarai, yana da sheƙi, shi ya sa yake ruɗar mutane. Amma ba yashi ba ne, irin kashin maƙera ne: ragowar ƙona kwal a tashoshin lantarki, ko ragowar narka jan ƙarfe. An yi shi da kaifi da gangan, kuma yana iya ɗauke da ƙarafa masu guba. Jan ƙarfe ko kaɗan ne yana kashe murjani da katantanwa da kaguwa da jatan lande. Wasu masu kifin ruwan daɗi suna amfani da shi su ce ba su ga komai ba. Wannan ba hujja ba ce ga ruwan gishiri mai ɗauke da murjani.

Haka kuma kada ka ɗebo baƙin yashin da ke kwanciya a rafi ko kwata bayan ruwan sama, irin wanda yara ke jawowa da maganaɗisun tsohuwar sifika. Cike yake da ƙarfe. Na wuraren da aka haƙi kuza a Jos ya fi muni, domin ragowar haƙar tana ɗauke da ma'adinai masu nauyi, ciki har da monazait mai fitar da tururin nukiliya. Wanda ke kusa da Limbe ma zai ji sha'awar cika buhu a bakin teku, amma yashin gaɓa yana zuwa da mai da datti da matattun halittu, ga matatar mai a garin. A Hawai kuwa doka ce ma ta hana kwasar yashin bakin teku.

Gwaji uku kafin ka sayi da yawa

Sayi ƙaramin buhu ɗaya tukuna, ko ka roƙi mai kanti ya ba ka ɗan kaɗan.

Gwajin farko na maganaɗisu ne, kuma shi ne ya fi muhimmanci. Samo maganaɗisu mai ƙarfi, ka saka shi cikin leda ka ɗaure. Baza busasshen yashi a faranti, kaurinsa kada ya wuce yatsa, sannan ka ja ledar a kansa a hankali, gaba da baya. Ɗaga ka duba. Idan ƙwayoyi 'yan ƙalilan ne suka manne, za a iya zama da shi. Idan kuwa ledar ta fito da baƙin gashi tsaye-tsaye, ƙwaya a kan ƙwaya har ba ka ganin maganaɗisun, to ka tsaya ka yi tunani sosai. Ledar amfaninta shi ne idan ka zare maganaɗisun sai ƙwayoyin su zube da kansu, ba sai ka tsaya ɓanɓara ba.

Dalilin wannan gwaji shi ne akwatin ruwan gishiri cike yake da maganaɗisu. Abin goge gilashi da kowa ke amfani da shi ɓari biyu ne, ɗaya a ciki ɗaya a waje, maganaɗisu ne ya haɗa su. Da zarar na cikin ya matso kusa da ƙasa, ƙwayoyin ƙarfe za su yi tsalle su shige tsakaninsa da gilashi. Kai kuma kana waje kana ja, ba ka san kana zana dogon layi a gaban akwatinka ba, sai rana ta haska ka gan shi, kuma ba ya gyaruwa cikin sauƙi. Idan akwatinka na akirilik ne, wato robar nan mai kama da gilashi, ɓarnar ta fi sauri nesa ba kusa ba, domin ya fi gilashi taushi. Ni dai ba zan ba mai akwatin akirilik shawarar yashi mai kama maganaɗisu ba ko kaɗan. Injinan tura ruwa su ma abin da ke juyawa a cikinsu maganaɗisu ne. Ƙurar ƙarfe tana taruwa a jikinsa, injin ya fara ƙara, ya cinye sandarsa, wata rana ya tsaya cak.

Idan ka ƙwallafa rai a kan yashin da ya ɗan kama, za ka iya rage ƙarfen: ka baza shi kashi-kashi a tabarmar roba, ka bi shi da maganaɗisun cikin leda har ya daina ɗaukowa. Aiki ne mai cin lokaci, kuma ba ya cire duka. Idan ka ga abin da kake cirewa ya yi yawa har baƙin yana raguwa, canza buhu ya fi.

Gwaji na biyu da ruwan khal ake yinsa, farin nan na kicin. Zuba cokali ɗaya na yashi a kofin gilashi, ka tsiyaya khal a kai. Idan ya yi kumfa yana tsuwa, akwai aragonait ko danginsa a ciki. Idan ya yi shiru, basalt ne ko wani dutsen da ba ya narkewa. Dukansu biyu ba laifi ba ne, sani kawai kake nema, domin ka san ko yashin zai taimaka wa ruwanka ko ba ruwansa. Abin da za ka guda shi ne khal ya yi launi, ko ƙwayoyin su fara nuna fari a gefe. Wannan rini ne. A nan ne kuma za ka murza ɗan jiƙaƙƙen yashi tsakanin yatsu. Idan ka ji yana soka maka fata, ko ya bar baƙi a hannu bayan ka wanke, bai dace ba.

Na uku jiƙo ne, yana son haƙuri. Haɗa ruwan gishiri kamar yadda za ka haɗa na akwatin, nauyinsa 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin gishirin ruwa. Raba shi bokiti biyu masu tsabta. Ɗaya ka zuba masa wankakken yashi kamar kilo ɗaya a lita goma, ɗayan ka bar shi ruwa zalla. Rufe su sama-sama, ka riƙa motsawa kullum, ka bari su yi mako biyu. Sannan ka auna pH da alkalinti (ƙarfin ruwa na hana kansa yin tsami) da sinadarin fosfet da jan ƙarfe a kowanne. Bokitin da babu yashi shi ne shaidarka, domin idan ka ga fosfet a duka biyun, daga ruwanka ko gishirinka yake, ba daga yashin ba. Duba kuma ko wani mai-mai ya taso a saman ruwan, ko jan tsatsa ya fito a jikin ƙwayoyin.

A nan akwai abin lura. Kayan auna jan ƙarfe na gida an yi su ne don auna maganin da ake saka wa kifi mara lafiya, wanda yawansa ya fi abin da ke cutar da murjani. Saboda haka idan ya nuna akwai, ka zubar da yashin ba tare da shawara ba. Idan ya nuna babu, alama ce mai kyau amma ba tabbaci ba ne. Mai niyyar kashe kuɗi a kan murjani masu tsada zai iya aika ruwan jiƙon zuwa ɗakin gwajin da ke yin awon ICP, irin na kamfanin Triton a Jamus, wanda ke fitar da ƙarafa ɗaya bayan ɗaya.

Nawa za ka saya

Auna tsawo da faɗin ƙasan akwatin da santimita, ka ninka su, ka sake ninkawa da kaurin da kake so, ka raba da 1000. Abin da ya fito shi ne lita. Lita ɗaya ta busasshen yashi tana kai kusan kilo ɗaya da rabi. Akwati mai tsawon santimita 120 da faɗin 50, idan kana son kaurin santimita 4, zai ci lita 24, wato kimanin kilo 36. Duwatsu za su ci wani wurin, don haka za ka samu ragowa, ka ajiye ta don ciko.

Game da kauri, ko dai ka tsaya a siriri, santimita 2.5 zuwa 5, ko ka tafi mai zurfi, santimita 10 zuwa sama, inda bakteriyar da ba ta son iska ke cinye naitiret, sinadarin da ke taruwa daga dattin kifi, a can ƙasa. Da baƙin yashi na fi son siririn. A farin yashi, idan wani wuri ya ruɓe ya fara tara iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, baƙin tabo yakan fito a jikin gilashi ya gargaɗe ka. A baƙin yashi wannan gargaɗin ba ya ganuwa. Kuma ga wanda ke zaune inda ake yawan ɗauke wuta, shimfiɗa mai zurfi cike take da halittu masu shan iskar ruwa, idan injina suka tsaya na sa'o'i suna gasa da kifinka a kan ɗan abin da ya rage.

Wanki da shimfiɗawa

Busasshen yashi dole a wanke shi. Zuba kashi ɗaya cikin uku na bokiti, ka tura tiyo har ƙasa, ka riƙa juyawa da hannu kana zubar da ruwan sama. Da farko ruwan zai fito kamar tawada, ka ci gaba har ka iya ganin yashin ta cikinsa. Ɗauraya ta ƙarshe ka yi ta da ruwan da ya bi ta na'urar tacewa ta RO, domin ruwan famfo yana da kilorin, na rijiyar burtsatse kuma ba ka san abin da ya kwaso daga ƙasa ba. Yashin da ake sayarwa jiƙe a rufaffen buhu da bakteriya a ciki ba a wanke shi da ruwan daɗi, hakan zai kashe abin da ka biya kuɗi dominsa. Shi ma dai ka ɗebi kaɗan ka busar ka gwada da maganaɗisu.

Duwatsu ake fara jerawa a kan gilashin ƙasa, su zauna daram, sannan a zuba yashi kewaye da su. Idan ka ɗora dutse a kan yashi, ranar da gobi ko jatan lande ya haƙe ƙarƙashinsa ginin zai rufto, ya danne kifi ko ya fasa gilashi. Bayan ka daidaita yashin, ɗora faranti a kai ka riƙa zuba ruwa a kansa a hankali. Ruwan zai yi duhu na kwana ɗaya zuwa uku. Saka audugar tacewa ka riƙa canza ta, injinan da ke kusa da ƙasa kuma ka jinkirta kunna su sai ƙura ta kwanta. Daga nan sai jiran bakteriya su kafu, amoniya ta koma naitirait, naitirait ya koma naitiret, wanda yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Ba a saka kifi sai na farkon biyu sun koma sifili.

Idan akwatin da ma yana aiki ne kake son canza masa yashi, kada ka kwashe tsohon a rana ɗaya. Zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu da tiyo lokacin canjin ruwa, ka bar mako ɗaya ko biyu, ka sake. Sabon kuma ka saukar da shi ta cikin bututun roba mai faɗi har ƙasa, don kada ya watsu a kan murjani.

Zama da shi

Za ka ji ana cewa wanda ya bar aragonait ya rasa abin da ke riƙe masa pH. Akwai gaskiya a ciki amma an zuzuta ta. A pH na 8.1 zuwa 8.4 da ake riƙe ruwan teku, aragonait ba ya narkewa sosai, sai a can cikin shimfiɗa inda ruwa ya ɗan yi tsami. Duk da haka, tunda basalt ba ya ba da komai, auna ruwanka kowane mako: alkalinti tsakanin 8 da 11 a ma'aunin dKH, kalsiyam miligiram 400 zuwa 450 a lita, maganiziyam kusan miligiram 1300 a lita. Canjin ruwa a kan kari ya isa akwatin kifi zalla. Mai murjani masu tauri da ma sai ya riƙa ƙara waɗannan sinadarai ko wane yashi ya saka.

Haske ma yana canzawa. Farin yashi yana mayar da haske sama ya haska ƙarƙashin murjani, baƙi kuwa shanye shi yake. Murjanin da ke son haske sosai ka ɗaga shi sama a kan dutse. Wasu kifayen kuma za ka ga launinsu ya ɗan ƙara duhu, suna daidaita jikinsu ne da ƙasar da suke kai, ba ciwo ba ne.

Sai maganar datti. Baƙin yashi kamar baƙar shadda ce a lokacin hunturu, komai ya sauka a kansa sai ya nuna: kashin kifi, ragowar abinci, farin garin da ke zubowa daga duwatsu. Wannan yana da amfaninsa, domin kana ganin inda ruwa ba ya kaiwa sai ka gyara fuskar injin. Abin da yake ɓoyewa shi ne jan yauƙin nan na sayanobakteriya da gansakuka mai ruwan ƙasa da ke fitowa a sabon akwati, don haka ka riƙa haska ƙasan da farar tocila daga gefe sau ɗaya a mako. A kowane canjin ruwa, zuƙe saman wani ɓangare na yashin da tiyo mai faɗin baki, ka matse tiyon da yatsa don datti ya tafi yashi ya dawo. Katantanwar Nassarius, masu kwana cikin yashi su fito idan sun ji ƙanshin abinci, suna taimakawa wajen motsa shi.

Da tafiya ta yi nisa baƙin zai ragu. Ɓawon katantanwa da gutsattsarin dutse da murjani za su gauraya da shi, gansakuka mai tauri mai ruwan hoda ta hau manyan ƙwayoyi. Ragowar da ka ajiye ita za ka wanke ka yayyafa a sama, kaɗan-kaɗan, kada kaurin sabon ya wuce rabin santimita a lokaci guda don kada ka binne halittun da ke ciki.

Wajen goge gilashi kuwa, tsayar da abin gogewa na maganaɗisu kamar yatsu uku sama da yashi. Layin da ya rage a ƙasa ka bi shi da abin kankara mai dogon hannu, na reza ga gilashi, na roba ga akirilik. Kafin kowace gogewa ciro ɓarin ciki ka shafa fuskarsa da yatsa, idan ka ji ko ƙwaya ɗaya ka ɗauraye. Kada ka bar shi manne a cikin akwatin bayan ka gama, kuma duk wata ka buɗe injinan tura ruwa ka goge maganaɗisun cikinsu da tsohon buroshin haƙori.